Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Cikin Gida Na Ƙasar Tailan

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne game da 'yan gudun hijirar ƙabilar Karen da ke zaune a sansanonin da ma'aikatarka take kula da su a kan iyakarku da Miyanma. Ni ɗan Najeriya ne, kuma tun 2013 'yan uwanmu da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu suke zaune a sansanin Minawao na Kamaru, don haka na san yadda zaman da aka ce na 'yan watanni ne yake komawa na shekaru.

Na fara da yabo, domin yabon gwani ya zama dole. A watan Agustan 2025 majalisar ministocinku ta amince mazauna sansanoni tara na kan iyaka su fita su yi aiki bisa doka, bayan shekara arba'in ana hana su. Wasu na cewa ƙarancin ma'aikata ne ya tilasta muku, tun da ma'aikata 'yan Kambodiya suka koma gida saboda rikicin iyakarku da ƙasarsu, amma ko da haka ne, magidancin da aka haifa a sansanin Mae La ya girma bai taɓa karɓar albashi a fili ba, a wurinsa wannan babban sauyi ne.

Sai dai akwai abin da nake tsoron a rasa garin neman gyara. Tun da aka fara kafa sansanonin a 1984, lokacin da sojojin Bama (Miyanma a yau) suka matsa wa yankunan Karen, su mutanen ne suke tafiyar da rayuwarsu da kansu. Kwamitin 'Yan Gudun Hijirar Karen ne ke tsaye a kan al'amuransu, kowane sansani yana da kwamitinsa, kowace unguwa tana da shugabanta mai lissafin gidaje da sasanta rigima. Malaman makaranta 'yan gudun hijira ne, masu ba da magani a ɗakunan shan magani da ungozomomi su ma haka, ana biyan su ɗan alawus da bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyar Matan Karen tana kula da gidajen renon yara da mafakar matan da aka ci zarafinsu, tana kuma riƙe da sana'ar saƙa. Gidajen na gora ne da jinkar ganye, domin doka ta ɗauki wurin a matsayin mafakar wucin gadi, kuma idan damina ta ci jinka ko gobara ta tashi, irin wadda ta hallaka mutum 37 a sansanin Ban Mae Surin a 2013, maƙwabta ne ke taruwa su sake ɗaura gida. Kirista da mabiya Buddha da Musulmi suna zaune a Mae La, kowa da wurin ibadarsa.

Wannan tsarin ne ya riƙe su a watan Janairun 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta, ɗakunan shan magani na ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa IRC suka rufe ba shiri, sannan daga baya kuɗin abinci da gawayi da ƙungiyar agajin kan iyaka TBC ke rabawa ya ragu ƙwarai. To yanzu idan malamin da ya iya karatu da ma'aikacin jinyar da ya ƙware suka tafi gona ko wurin gini saboda can ne kuɗi yake, kuma babu wanda zai ga laifinsu, wa zai tsaya wa yara da tsofaffi da masu ciwon suga da naƙasassu da ba za su iya fita ba?

Roƙona na farko shi ne a ɗauki aikin cikin sansani a matsayin aiki. A samar da hanyar da malamai da ma'aikatan lafiya 'yan Karen za su yi jarrabawa su sami takardar da hukumominku suka yarda da ita, a biya su abin da zai riƙe gida. Haka kuma takardun kammala makarantun sansani, waɗanda har yanzu ba su da daraja a wajen shinge, a daidaita su da tsarin iliminku, a ƙara malaman harshen Tai, domin wanda bai ji yaren mai gida ba shi ne ake fara cuta a wurin biyan lada.

Akwai kuma waɗanda suka iso bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Miyanma ranar 1 ga Fabrairun 2021, suna gudun jiragen yaƙi da ke jefa bama-bamai a ƙauyukan jihar Karen. Da yawansu ba su cikin rajista, don haka izinin aikin bai shafe su ba, 'yan uwa ne ke raba ɗan abincinsu da su. Ina roƙon ma'aikatarka ta sake buɗe rajistar, kuma ta zauna da kwamitocin sansanonin kafin a yanke yadda za a yi ta, tunda su ne suka san wanda ke kwana a kowane gida.

Na gode, Allah ya taimake ka.