Zuwa ga mai sunan Malam, kafin ku watse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan karatunka, mu nan gida lafiya lau muke, kuma ruwa ya sauka sosai a makon nan. Baffanka zai kawo maka wannan takarda tare da garin rogo da sukari da ƙuli-ƙulin da innarka ta soya. A ƙasan jakar za ka ga wani littafin rubutu mai kaurin bango, sabo fil. Kada ka yi lissafin jarrabawa a cikinsa, ka ajiye shi har ka gama karanta abin da zan faɗa maka.

Ranar ziyarar da ta wuce, muna zaune gindin dogon yaron bakin ofis, ka ce in saya maka farar riga. Na ce za mu yi magana, na kuma ga yadda fuskarka ta sauya, kamar ka riga ka yanke cewa tsoho ya hana. Na zaɓi in rubuta ne saboda idan ina yi maka magana ido da ido, sunkuyar da kai kake yi kana “to, Baba”, ni kuma ban san abin da ya shiga da abin da ya wuce ta bayan kunne ba.

Na san amfanin da za a yi da rigar. Abin da kuke kira sayin-awut ne, wasu kuma su ce ranar maka: a fito daga jarrabawar ƙarshe, kowa da farar riga da alƙalamin maka a hannu, wannan ya rubuta wa wancan a baya, wancan ya zana wa wannan a kafaɗa, ana ihu ana ɗaukar hoto. Daga jami'o'i abin ya gangaro muku. Na fahimci abin da ke ranku. Wanda ya shekara shida yana tashi da ƙararrawa yana kwanciya da ƙararrawa, dole ranar da aka ce ya gama ya so ya ga wata alama da zai nuna. Mu ma muna da irin wannan tun asali. Lokacin da kakanka, wanda kake da sunansa, ya sauke Alƙur'ani, allo aka yi masa zayyana, aka rubuta Fatiha da farkon Baƙara, ya ɗauka yana zagaya gidajen dangi ana sa masa albarka. Allon nan na nan rataye a ɗakin kakarka, ka sha ganinsa.

Amma rigar ba zan saya ba. A 2025 gwamnatin jiharmu ta Sakkwato ta hana wannan biki a makarantun sakandare, na gwamnati da masu zaman kansu, saboda abin da ya riƙa biyo bayansa na ɓarna da tayar da hankalin mutane a gari. Ba na son in ji an kira ni ofishin shugaban makaranta a ranar da ya kamata in je yi masa godiya. Ko da ba a hana ba ma, riga ƙarshenta wanki ne ko ƙasan akwati. Littafin da na aiko maka shi ne madadinta, kuma ga labarin inda na samo dabarar.

Mun gama a 1993. WAEC kaɗai muka zauna, don NECO sai a 2000 ta fara jarrabawarta. Lokacin da muka shiga aji ɗaya, ɗan Argungu da ɗan Yawuri da ɗan Gusau da ɗan Gwadabawa duk 'yan jiha ɗaya ne. Muna tsakiyar karatu aka yanke Kebbi a 1991, bayan fitarmu kuma aka yanke Zamfara a 1996. Babu wayar hannu, ita sai 2001 ta zo. Idan kun rabu da mutum a bakin ƙofar makaranta, to sai dai in Allah ya sake haɗa fuskokinku. Shi ya sa kowa ya tanadi littafi, ana zagayawa da shi gado gado, kowa ya rubuta sunansa da garinsu da lambar akwatin gidan waya, ya ƙara da abin da ya ga dama. Nawa yana nan a cikin adakata. Wani ya rubuta mini cewa in tuna ina riƙe masa cokali tun aji uku. Wani ya zana kunnuwana. Mutum bakwai daga cikin waɗanda suka yi rubutu a ciki sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Idan na buɗe na ga rubutun hannunsu, muryoyinsu nake ji. Hausawa suka ce sabo ake yi wa kuka.

Daren ƙarshe kuwa, mun yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. Aka kunna fitilun ƙwai a tsakiyar ɗakin kwana, aka tara ƙananan ɗalibai, aka ce za a karanta wasiyya. Kowane mai fita ya tashi ya faɗi abin da ya bar wa na baya. Wani ya ce ya bar wa yaronsa bokitinsa mai huda uku, da sharaɗin ya riƙa gudu daga rijiya zuwa banɗaki kafin ruwan ya ƙare. Wani ya bar gadonsa na bakin taga tare da kuɗin cizon da ke ciki, ya ce amana ce, a ci gaba da ciyar da su. Daga nan aka shiga kwaikwayon malamai. Akwai wani yaro daga wajen Isa da ya iya tafiyar malamin lissafinmu, hannu ɗaya a baya, alli a bayan kunne, yana tsayawa tsakiyar magana ya kalli rufi. Ashe malamin yana tsaye a ƙofa. Ya shigo, ya karɓi allin, ya ce ba haka yake yi ba, ya gyara masa tafiyar. Ɗakin ya kusa tsagewa.

Sai naɗin sarauta. Ka san mu Sakkwatawa da son sarauta. Tawul ya zama rawani, bokiti ya zama ganga, wani ya zama maroƙi yana zuba kirari. Aka naɗa Sarkin Barci, wanda ya taɓa yin minshari a layin taron safe. Aka naɗa Galadiman Latti da Marafan Tsallake Katanga. Kowa aka naɗa, sai a ɗaga shi sama ana “Allah shi taimaki Sarki!”, shi ma yana ɗaga hannu yana amsawa.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Akwai wani ɗan ajinmu, mai shiru, wanda kullum bayan an gama cin abinci za ka gan shi bayan kicin yana taya kuku wanke tukwane, a ba shi ƙanzo. Ni ne na ɗaga murya na ce saura Sarkin Ƙanzo. Aka kwashe da dariya, aka jawo shi, aka naɗa masa tawul, aka ba shi ludayi a matsayin sanda. Ya yi murmushi, har ya ɗaga hannu kamar sauran. Da asuba muka tashi gadonsa babu kowa. Bai rubuta a littafin kowa ba.

Bayan shekara 19 na gan shi a wajen wani ɗaurin aure a Talatar Mafara, furfura ta fara fito masa a gemu. Na miƙa hannu da murna, na buɗe baki in kira sunansa, sai na ga babu abin da ya rage a kaina sai laƙabin nan. Ya gane. Ya ce, “Faɗi abin da ya zo bakinka, Sarkin Ƙanzo ne.” Muka koma gefe muka zauna a kan tabarma. A ranar na ji cewa mahaifinsa ya rasu muna aji biyu, babu mai zuwa masa ziyara, kuma ƙanzon nan shanya shi yake yi yana tarawa a buhu, in an yi hutu ya kai wa ƙannensa su jiƙa su kwaɗanta. Shekara shida muna ɗaki ɗaya ban taɓa tambayarsa ba. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda da shi. Amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa taron tsofaffin ɗalibai ba.

Ka lura da bambancin. Sarkin Barci shi ya zaɓi barcinsa, kuma shi da kansa yake ba da labarin. Wancan bawan Allah bai zaɓi maraici ba. Duk wasan da za ku yi a daren nan, ka auna shi da wannan. Abin da mutum ya yi da ganganci har shi ma yake dariyarsa, ku yi wasa da shi. Abin da Allah ya ɗora masa, talauci ne, in'ina ce, gurguntaka ce, faɗuwa jarrabawa ce, sana'ar ubansa ce ko ƙauyensu, kada bakinka ya taɓa. Kuma kada murmushinsa ya ruɗe ka. Mutum a tsakiyar taro ba shi da abin yi sai murmushi.

Mu ba baƙin barkwanci ba ne. Ka ga yadda kakarka take ce maka mijinta ragon noma, kai kuma ka ce ta tsufa za ka yi mata kishiya. Ka ga wasan taubasai da kuɗin shara a watan cika-ciki, da na Bafillace da Babarbare, da na Bagobiri da Bayarabe, da tashen da kuka yi ta yi kuna ƙanana daga goma ga azumi. Duk waɗannan, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma ana tashi ana musabaha. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin raha, sai dai ba ya faɗar komai sai gaskiya. Ka san labarin mutumin da ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya damu, sai aka nuna masa cewa kowane raƙumi ai ɗan taguwa ne. Ka kuma san cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi ya hana Musulmi ya firgita ɗan'uwansa. Ka tuna wannan idan aka zo da shawarar ɓoye akwatin wani ko watsa wa mai barci ruwa. Maganar laƙabi kuwa, buɗe Suratul Hujurat, aya ta 11. Na haddace ta tun ina yaro, a Talatar Mafara na gane ta.

Akwai abin da ya fi damuna game da zamaninku. Namu wasan ya mutu a cikin ɗakin kwana, sai abin da ya rage a zukata. Naku kuwa waya za ta ɗauka, kafin la'asar yana WhatsApp, kafin magariba yana TikTok, kuma magana zarar bunu ce. Idan kun fito gari kuka haɗu da 'yan makarantun jeka-ka-dawo, za ka ga 'yan mata cikin murna su ma. Kada hannunka ya kai ga jikin ɗiyar kowa ko hijabinta da sunan rubutu, ko da ita ta miƙo maka alƙalamin, kuma kada ka ɗauki hotonta. Kana da ƙanne mata biyu. Hoton da yaro ya ɗauka yana dariya, shi ake fito da shi bayan shekara biyar lokacin da ake maganar aurenta.

Batun babur ba zan tsawaita ba. Ba na son ka hau na kowa a ranar nan, ba na son ka shiga jerin gwanon masu ɗaga taya a titi, kuma ba na son in ji an ce an tafi wanka gulbi. Rima a watan Yuli ba abokin wasa ba ne. Taga da kujera da allon aji kuma, ƙaninka zai shigo ya same su, ka bar masa su yadda ka same su.

Abin da nake so ka yi shi ne ka zagaya da littafin nan. Ka fara da kuku da maigadi, su ne ake mantawa. Ka je wa malamin da ya fi dukanka ka gaishe shi. Ƙananan da ka taɓa sa wa aikin horo ko ka karɓe musu nama, ka kira su ɗaya ɗaya ka ce su yafe maka, da bakinka, ba cikin taro ba. Sannan ka duba ajinku da kyau. Akwai wanda ba a zuwa masa ziyara, ka san shi ko ban faɗa ba. Ka raba ƙuli-ƙulin nan da shi tun yanzu, ka sa ya rubuta cikakken sunansa da na garinsu a shafin farko. Idan aka zo naɗin sarauta wani ya ɗaga murya a kansa, ka ce a naɗa ka tukuna. Na ji labarin ka cancanci Galadiman Latti, don haka ba za a rasa abin ba ka ba.

Ka yi dariyarka a daren nan, ɗana, ka yi ta sosai, ka gaji da karatu kuma ka cancanta. Sakamako yana gaba, da maganar JAMB da jami'a, duk za mu zauna a kansu in ka dawo.

Ranar da za ku fita ni da kaina zan zo bayan azahar, in Allah ya yarda. Ka haɗa kayanka tun dare. Bokiti da katifa kana iya barin wa wanda ka ga ya fi bukata, amma akwatin ƙarfen ka dawo da shi, na ƙaninka ne baɗi. Innarka da kakarka suna gaishe ka, kakarka ta ce ka zo mata da takardar shaida in kana son ta ci gaba da zama da kai. Allah ya ba ku sa'ar takardun da suka rage, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka
Mabera, Sakkwato