Rahoton ayyukan shekara: koyo ta hanyar aikin hannu a makarantunmu na Tahoua

Assalamu alaikum, malamai maza da mata, ƴan'uwa mambobi.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da ƙungiya ta yi tun daga shigar makarantu a watan Oktoba har zuwa rufewa a Yuni. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a babban taro.

Mun buɗe shekara da zaman horon malamai, inda wasu suka yi gunaguni cewa na'ura suka zo koyo aka ɗora su kan tarihin koyo ta hanyar aikin hannu. Da gangan kwamiti ya yi haka. Tun 1896 John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Chicago ta Amurka, inda yara ke girki da saƙa da sassaƙa, lissafi da kimiyya suna shiga ta cikin aikin. A 1924 Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, ya shigar da ɗan injin buga takarda cikin aji, yara su rubuta labarinsu su buga da hannunsu. Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, shi da abokan aikinsa suka fitar da Logo a 1967, harshen kwamfuta na yara. Ra'ayinsa shi ne ilimi ya fi zama a kan yaro idan yana ƙera abin da zai nuna wa wani, a tambaye shi, ya koma ya gyara. Wanda ya fi ɗaukar hankalin mahalarta kuwa namu ne, Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya nuna cewa tarbiyyar gargajiya ba ta raba koyo da aiki. Duk wanda ya ga ɗan maƙeri yana zuga ya san me ake nufi.

Aikin da ya fi armashi bana shi ne na albasa. Ɗaliban wani kolej, galibinsu ƴaƴan manoma, suka taso da tambayar da suke ji a gida: me ya sa albasa ke ruɓewa a wani rudu, ta daɗe a wani? Malamar kimiyya ba ta ba su amsa ba. Ta raba su rukuni-rukuni, ta ba su micro:bit, ƴar na'urar nan da ba ta cika tafin hannu ba, wadda BBC ta raba wa ƴan makaranta a Birtaniya a 2016. Yaran da kansu suka tsara mata umarnin nuna zafin wuri, suna zuwa da safe da azahar suna rubutawa. Ba a jima ba suka lura alƙaluman na'urar sun ɗan haura na ma'aunin zafi na gilashi. Aka yi ta gardama, har suka gano cewa zafin cikinta take aunawa, kuma aikin da take yi yana ɗan ɗumama ta. A nan ne aka koyi kimiyya ta gaske, domin daga ranar sun daina ɗaukar duk abin da na'ura ta nuna a matsayin yankan shakka. Daga baya suka zana jadawali, suka kwatanta rudun da iska ke ratsawa da wanda aka cunkushe, suka gabatar wa iyaye da Hausa. Wani dattijo ya gyara musu batun lokacin daina ban ruwa kafin cira, suka ƙara a rahotonsu da sunan abin da manomi ya koya musu.

Wani aji ya yi aiki kan tassa da rabin wata, ramukan tare ruwa da manoman Adar suka farfaɗo da faƙo da su, musamman wajen Illela da Keita. Igiya, ma'aunin mita da wayar malami don ɗaukar hoto, su ke nan kayan aikin. Da su aka koyar da faɗin rabin da'ira da yawan ruwan da rami ke riƙewa. Ƴan firamare kuma sun mai da tatsuniyar gizo da ƙoƙi zanen motsi da Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar kyauta a 2007, wadda ke aiki ko babu intanet. Da muryoyinsu suka naɗi maganar.

Matsalolin ba ɓoyayyu ba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, batura su yi saurin mutuwa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta cika kwamfutoci. Aji mai cunkoso ba ya rabuwa rukuni cikin sauƙi. Malaman ajin ƙarshe na kolej sun janye tun watan Maris saboda shirin jarrabawar BEPC ta kammala kolej, kuma kwamiti bai ga laifinsu ba, don da sakamakon jarrabawa ake auna su. Akwai kuma abin da ya kamata kowa ya sa wa ido: a rukunin da aka cakuɗa, yara maza kan mamaye na'ura a bar mata da rubutu. Inda malami ya sa aka riƙa karɓa-karɓa, abin ya gyaru nan take.

Sai batun da ya ja zaman kwamiti har dare. Wasu mambobi sun nemi a zuba abin da ke asusu wajen ƙaro tabulet. Kwamiti bai amince ba, ga kuma hujja. A makarantun da muka zagaya, inda aka fara da tambayar yara kayan aiki kaɗan sun wadatar, inda kuwa aka fara da kaya ba tare da shirya malami ba, mun tarar da su kulle a kabad ɗin darakta. Ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Ƙasar Peru ta raba wa yara dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin nan na kowane yaro da tasa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙaruwa a lissafi da harshe ba. Mu ma a nan Nijar an fara koyarwa ta talabijin tun 1964, tsofaffin malamanmu sun san yadda gwajin ya kasa game ƙasa.

Don haka kuɗin baɗi za su tafi ga horon malamai a kowane zango, da faifan hasken rana da batir ga makarantun da ke da kaya ba su da wuta, da akwatunan adana na'urori. Za mu kuma nemi zama da kwamitocin COGES, masu kula da harkokin kowace makaranta, don iyaye su shigo tun daga zaɓen aiki. Duk malamin da ke son ajinsa ya shiga, ya kawo wa magatakarda tambayar da yaransa za su bincika kafin ƙarshen Oktoba. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin ranar babban taro.

Wassalam.
Kwamitin gudanarwa