Furannin ado masu dafi a gidajen Legas: kira ga masu lambu, masu gadi da masu sayar da sassaƙe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu ja hankalin 'yan uwanmu mazauna Legas kan wasu tsirrai da muke kwana muna tashi da su. Mutanenmu ne ke aske furanni da ban ruwa a gidajen Ikoyi, Lekki da Ikeja, su ne a ɗakin gadi da ƙananan yaransu, su ne kuma ke shimfiɗa saiwoyi da sassaƙe a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Da dama daga cikin furannin da ake shukawa don ƙawa magani ne mai ƙarfi, kuma ƙarfin nan ne ke kisa. Abin da ya fi damun mu shi ne dafinsu ba ya bayyana da wuri. Mutum ya yi amai, ya ɗan samu sauƙi, a ce ai ya wartsake, sai washegari zuciya ko ƙoda ta tsaya.

Bari mu fara da wanda masu lambu ke kira oliyanda. Iri biyu ne a garin nan. Ɗaya dogon ganye gare shi mai kauri, furensa ja-ja ko fari. Ɗayan siririn ganye ne mai sheƙi, furensa rawaya, yana yin ɗa kore mai ƙwallo a ciki, kuma shi yara suka fi fasawa. Dukkansu idan aka karya reshe ruwa mai danƙo zai fito, kuma ganye da fure da saiwa da ƙwallo duk akwai dafin da ke taɓa zuciya. Yana hana gishirin jiki shiga da fita yadda ya kamata a naman zuciya, sai bugun ya ragu, ya riƙa tsallake, ko ya rikice gaba ɗaya. Alamar farko amai ne da ciwon ciki da jiri, wani lokaci mutum ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya. Ƙwaya ɗaya ko biyu ta cikin ƙwallon nan ta isa ta jefa yaro cikin haɗari, kuma rikicewar zuciya na iya jinkiri har kwana ɗaya ko biyu.

Busar da ganyen ba ta kashe dafin, tafasawa ma haka. Saboda haka kada a yi asuwaki da reshensa, kada a feƙe shi a yi tsinken tsire, kada a hura wuta da shi a tsaya cikin hayaƙin. Ga masu ɗaure ragon layya a cikin gida: abin da aka aske daga shinge kada a haɗa shi da harawa. Ganyen da bai cika tafin hannu ba na iya kashe rago, kuma dabba ta fi cin busasshen.

Ƙarya, wadda a Arewa muka sani a dajin duwatsu, ita ce yau ake sayarwa cikin tukunya da tsada a bakin titi saboda ƙaton gindinta da jan furenta. Danginsu ɗaya da oliyanda, dafinsu iri ɗaya. Maharba sun daɗe suna shafa ruwanta a kan kibiya, kamar yadda suke yi da 'ya'yan kwankwani. Daga kwankwanin nan ne wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya tace maganin zuciya a 1885. Wannan tarihi ne ke sa wasu cewa tunda Turawa ma sun yi magani da shi, me zai hana mu sha? Abin da zai hana shi ne awo. Ƙwayar digoksin da likita ke bai wa mai ciwon zuciya miligiram 0.125 ce ko 0.25, kuma duk da haka sai ana duba jininsa, domin tazarar da ke tsakanin warkarwa da kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ganye kuwa ƙarfinsa na sauyawa da ƙasar da ya tsiro, da damina ko rani, da tsufan itacen. Tafin hannu ɗaya na yau ba daidai yake da na gobe ba. Mai shan ƙwayar fitsari don hawan jini da mai ciwon ƙoda su ne dafin ya fi saurin kayarwa.

Tumfafiya ma 'yar gidan ce. Fulani da Yarbawa na sa ɗan ruwan ganyenta kaɗan su daskarar da madara su yi cuku, wannan tsohuwar sana'a ce. Haɗarinta a ido yake. Idan farin ruwan ya fantsama, gani na dushewa cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa ba tare da zafi sosai ba, shi ya sa ake sakaci. A wanke da ruwa mai tsabta yana kwarara na minti 15 zuwa 20, kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan albasa, a tafi wajen likitan ido a ranar.

Wani kuma da muke so a sani da kyau shi ne baurerai, wanda wasu ke kira gatarin kurege. Yaɗo yake yi da damina, bakin ganyensa na lanƙwashewa ya kama abin da ke kusa, furensa ja da rawaya ya juya baya kamar harshen wuta. Shi ne furen ƙasar Zimbabuwe. Saiwarsa fara ce mai reshe biyu, kuma mai haƙa a lambu na iya ɗaukarta rizga ko ƙaramar doya. A cikinta akwai kolcisin, maganin da asibiti ke bayarwa ga mai kumburin gaɓa, ƙwaya ɗaya rabin miligiram. Ɗan guntun saiwa na iya ɗauke da abin da ya fi ƙwaya goma. Kolcisin na hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa, don haka hanji da ɓargo ne ke fara lalacewa. Cikin sa'a biyu zuwa shida baki da maƙogwaro su yi zafi, amai da gudawa su biyo, har da jini. Daga nan sai a ga kamar an samu lafiya, kuma a nan ake kuskuren komawa gida. Tsakanin kwana na biyu da na bakwai jini ke raguwa, ƙoda da hanta su gaza, numfashi ya yi wuya. Wanda ya tsira, gashin kansa kan zube bayan mako ɗaya ko biyu. Masu ba mata wannan saiwa don naƙuda ko don neman haihuwa, don Allah su bari.

Idon zakara kowa ya san shi, ja da ɗigon baƙi. Ganyensa zaƙi gare shi, ana tauna shi don tari. Ƙwayar ce matsala. Idan aka haɗiye ta da ɓawonta ba a fasa ba, yawanci takan wuce ta fita. Idan aka tauna, ko aka daka, ko aka huda ta don yin sarƙa, dafin ya samu hanya, kuma babu makarinsa har yau. Alama na iya ɗaukar sa'o'i ko kwanaki. Mai sayar da ganyen ya tsince kwanson 'ya'yan tas kafin ya ƙulla. Haka 'ya'yan zurma suke: man da aka tace a masana'anta ba ya ɗauke da dafin, amma ƙwayar da tunkuzarta na da shi. Bini da zugu kuwa, da ake shinge da shi, 'ya'yansa daɗin gyaɗa gare su a bakin yara, kuma cikin sa'a ɗaya ko biyu amai da gudawa za su tsiyaye musu ruwan jiki.

Zaƙami, wanda Yarbawa ke kira gegemu, ba sai an gabatar da shi ba, samarinmu na zuba shi a shayi da zoɓo. Baki ya bushe, jiki ya yi zafi babu gumi, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta yi gudu, fitsari ya ƙi fita, mutum ya riƙa kama abin da babu. Kada a ɗaure shi a bar shi a rana ko a ɗakin da babu iska, zafin jiki ne ke ƙarasa shi. A sa shi a inuwa, a shafa masa ruwa, a kai shi asibiti. Makarin da likitoci ke amfani da shi idan abin ya yi tsanani, fisostigmin, daga waken Kalaba aka samo shi a 1864, wani yaɗo na kudancin ƙasar nan wanda shi kansa guba ne.

Akwai biyu da suka shafi masu jiƙo kai tsaye. Ƙaramin furen nan mai kunne biyar, fari ko ja-ja, da ke tsirowa a gindin katanga, asalinsa Madagaska. Ana dafa shi don ciwon suga. Masu bincike a Kanada sun gwada shi kan sugan a shekarun 1950, sai suka tarar yana rage fararen ƙwayoyin jini, daga nan aka samo binblastin da binkiristin na cutar daji. Ana tace ɗaruruwan kilo na ganye kafin a samu giram ɗaya, don haka dafa shi a tukunya ba ya maganin daji, kuma barin maganin suga saboda shi ganganci ne. Ɗayan shi ne duman dutse da danginsa, wanda a kasuwannin Mushin da Oyingbo ake kira akogun. Yana cin ƙoda a hankali, ba gyara, yana kuma jawo dajin mafitsara. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan maganin rage ƙiba da aka haɗa da danginsa.

Idan abin ya faru, ga abin yi. A cire ragowar daga baki, a kurkure. Kada a ɗura manja ko madara, kada a ba da ruwan gishiri don a sa amai, kada a sa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya karya waɗannan dafin, kuma idan ya sarƙe ya shiga huhu ya zama wata cutar. Wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi komai ta baki. A yanko reshe da fure da ɗa a sa a leda, a lura da lokacin da aka ci da yawan abin da aka ci. A kira 112 ko 767, ko a nufi asibiti mafi kusa ko da mutum na cewa lafiyarsa ƙalau. Gawayin asibiti, wanda likita ke bayarwa a sha don ya riƙe dafin a ciki, giram ɗaya kan kowane kilo na nauyin jiki, ya fi aiki a sa'ar farko, kuma ba gawayin girki ba ne. Ga mai gudawa a hanya, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan oliyanda ce ko ƙarya ko baurerai, a yarda a kwana a asibiti ana auna zuciya da jini.

Muna roƙon hukumar lambuna ta jihar Legas ta daina barin oliyanda a harabar makarantun firamare da wuraren wasan yara. Sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago su tara masu maganin gargajiya tare da jami'an NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a nuna musu waɗannan tsirrai ido da ido, a yi bayani da Hausa. Masu gida kuma su saya wa mai lambu safar hannu ta roba da tabarau, su ware masa buhun zuba abin da ya aske, nesa da murhu da turken dabbobi.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da masu aikin lambu,
Agege, Legas.