Amsa ga Alhajin da ya tambayi wanda ya biya ni

Alhaji, ranka ya daɗe.

A shirin rediyo na ranar Asabar ka yi tambaya a bainar jama'a: talaka na fama da yunwa, ni kuma ina kiran Majalisar Tarayya ta yi dokar gyara na'urorin rada masu hango hadari, to wane ɗan kwangila ne ya cika min aljihu?

Zancen yunwa, je ka Bokkos ka tambayi manomin dankalin da ruwa ya share masa gona.

Zancen aljihun ne ya ƙona min rai. Jos ta san ni, ta san gidan hayar da nake ciki. Ka ma karanta abin da na nema? Ban ce a sayo sababbi ba. Cewa na yi a yi wa dokar hukumar hasashen yanayi ta ƙasa (NiMet) ta 2022 kwaskwarima, a ware kuɗin kula da waɗanda aka riga aka kafa, a horar da injiniyoyinmu, kuma kowace shekara a faɗa wa Majalisa wacce ke aiki, wacce ta mutu. Wane ɗan kwangila ke son haka? Shi dai a saya, ta lalace, a sake saya. Kai da ka daɗe kana kai wa ma'aikatu kaya, ai ba sai na koya maka ba.

Hasashen damina yana gaya wa manomi lokacin shuka. Rada kuwa tana harba igiyar rediyo cikin gajimare, ta dawo da labarin yawan ruwa da inda iska ta dosa, sai a ce nan da awa guda ku yi hattara. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin saman kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja, muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, kuma bincike ya ambaci juyawar iska kwatsam. A Yulin 2012 ambaliya ta ci mutane a unguwar Rikkos da ke nan Jos. Su ma ɗan kwangila ne ya turo su?

Amurka na amfani da radodin da ta kafa tun shekarun 1990, saboda ana kula da su. Mu kuwa gwanayen bikin ƙaddamarwa ne, da an watse shi ke nan. Ko an hango hadarin ma, sai a wallafa gargaɗi da Turanci a intanet, alhali tsohuwar da ke kwana a bakin rafi a Gangare rediyo kawai take da shi. Shi ya sa na nemi dokar ta wajabta sanarwa da harsunanmu, sashen da ka tsallake don bai dace da zarginka ba.

Wassalam,
Mai sharhi daga Jos