Wasiƙa a kan mai haɗa guntayen fata

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan sai godiya.

Ka tuna daren da muka kwana a zaure muna gwada kwafi biyu na littafin kakanka, muka rasa wane marubuci ne ya tsallake layi? Kwanan nan na karanta tarihin wani malami da ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a kan irin wannan aiki, sai ka faɗo mini a rai.

Sunansa Emanuel Tov, masanin littattafan Ibrananci na Tsohon Alkawari. An haife shi a Amsterdam a 1941. Yana jariri 'yan Nazi suka kwashe iyayensa, ba su dawo ba. A 1961 ya koma Isra'ila, ya yi karatu a Jami'ar Ibraniyawa ta Kudus, ya ƙara a Harvard, ya kammala digirin digirgir a 1973 a kan tsohuwar fassarar Girkanci ta littafin Irmiya.

Ga abin da ya kama ni. Wannan fassara ta gaza nassin Ibrananci da aka saba karantawa da kusan kashi ɗaya cikin bakwai, har wasu suka daɗe suna zargin mai fassarar da yanke. Sai ga guntayen fata daga kogo na huɗu cikin kogwannin Kumran, gefen Tekun Gishiri, inda aka samo tsofaffin naɗaɗɗun littattafai, ɗauke da gajeren Irmiya cikin Ibrananci. Ashe bawan Allah bai ci amana ba, abin da ke gabansa ya juya. Wallahi sai da na ji tausayinsa, shekara sama da dubu biyu bayan rasuwarsa.

A 1990 aka danƙa wa Tov jagorancin buga waɗannan naɗaɗɗun littattafai, bayan aikin ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya a hannun 'yan tsirarun malamai. Kogo na huɗu kaɗai ya ba da guntaye kusan 15,000, wasu ba su fi farce girma ba. Ya jawo masana daga ƙasashe da dama, ya raba musu aiki, ya riƙe ragamar har 2009.

Don Allah, littafin kakan nan yana gafakarsa kuwa? Ka sa ƙaninka ya ɗauki hoton kowane shafi na kwafin biyu kafin gara ta riga mu. Kada a gyara komai, ko inda ake ganin kuskure ne.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na gida