A naɗi muryar 'yan mazan jiya tun suna raye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da jinjina kan aikin da gidan rediyonku ke yi, ina da koke.

Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, labarinku ɗaya ne: manya sun ajiye furanni, an saki tantabaru, an watse. A ranar ce fa a 1970 Philip Effiong, jagoran Biyafara a lokacin, ya miƙa wuya ga Janar Gowon a barikin Dodan da ke Legas, bayan wata talatin ana gwabza yaƙin basasa. Amma yaƙin kansa ba kwa taɓa shi.

Ranka ya daɗe, tambayi ɗan jami'a ina ne Gakem, inda aka fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967, ka ga ya yi zuru. Murtala Muhammed kowa ya san fuskarsa a jikin naira ashirin, amma su nawa suka san shi ne ya jagoranci runduna ta biyu? A watan Oktoba 1967, da aka karya gadar Neja, ya kafe sai ya haye daga Asaba zuwa Onitsha ta ruwa. An yi ta gwadawa ana komowa, kogi ya ci samari masu yawa. Sai da ya zagaya ta Idah kafin ya kama Onitsha a watan Maris 1968, kuma a ƙarshen watan aka yi wa ayarin motocinsa wajen ɗari kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai, ta bi sauran. Jarumi ne, babu musu, sai dai taurin kansa ya jawo asarar rayuka, kuma faɗin hakan ba cin mutunci ba ne.

Muhammadu Shuwa na runduna ta ɗaya ba ya gaggawa irin tasa. Dakarunsa suka kama Enugu ranar 4 ga Oktoba 1967. 'Yan bindiga suka kashe shi a gidansa a Maiduguri a 2012, ya tafi da abin da ke cikinsa.

In za a faɗa, a faɗa duka. Da kisan Inyamurai a garuruwanmu a 1966, da ɗaruruwan mazan Asaba fararen hula da sojan tarayya suka harbe ranar 7 ga Oktoba 1967, da yunwar da ta kashe yara a Biyafara. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi tun 1985, har da bam ɗin Ogbunigwe da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu. Mu a nan Arewa me muka ajiye?

Tarihinmu yana bakin ƙofa yana gadi. Za ka gan shi a kan benci, da koɗaɗɗen kaki da rediyo a kunne, in ya ɗage ƙafar wando ka ga tabon harsashi a ƙwauri. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967, yau ya doshi 80.

Roƙona shi ne ku ware rabin awa duk mako, ku tura wakilanku Zariya da Azare da Kontagora da rikoda, su zauna da waɗannan dattawa. A tambaye su wa ya ɗauke su soja, a ina suka yi yaƙi, su wa suka binne a can. Reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na kowace jiha zai haɗa ku da su.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya