Rigimar Windows, Mac da Linux: a duba laftof ɗin da ke hannun talaka tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in sa baki a cacar bakin nan da ta ƙi ƙarewa tsakanin 'yan Windows da 'yan Mac da 'yan Linux kan wace babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ce ta fi. Ni sana'ata gyaran kwamfuta ce a Kano, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne masu musun kowa na wasa gwaninsa kamar ana maganar ƙwallon Turai, amma ba wanda ke taɓo abin da ya dami mutanen da ke kawo mana na'urorinsu shago.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 afdet na tsaro, in ban da waɗanda suka shiga wani ɗan tsarin ƙarin wa'adi. Toh sai a koma Windows 11 ko? Ai nan gizo ke saƙar, don Windows 11 sai na'urarka na da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in furosesarta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kamfanin Intel ce sai daga zubi na 8 zuwa sama. Yanzu ka zaga Beirut Road ka duba laftof ɗin gwanjo da ɗalibai ke iya saya, su HP EliteBook 840 G3 da tsofaffin Dell Latitude, akasari zubi na 4 zuwa na 6 ne, lafiyarsu lau, allo garau, kibod ba abin da ya same shi, amma a wajen Microsoft sun gama yayi. Eh na sani akwai dabarar da ake yi a filash a tsallake sharuɗɗan, mu ma muna yi in kwastoma ya matsa, sai dai kamfanin da kansa ya ce bai ɗauki alkawarin afdet ga irin waɗannan ba, ga shi kuma in ram ɗin, wato ma'ajiyar aikin da take kai, 4GB ne kuma hadis ɗin, wato ma'ajiyar fayiloli, tsohon mai juyawa ne, wallahi kafin ta gama buɗewa ka sha shayinka ka wanke kofi.

A nan ne nake ganin 'yan Linux suna da gaskiya, ko da yake bakinsu ya fiye zafi. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fara Linux a 1991, ya sake shi kyauta kowa ya duba cikinsa ya gyara, yau ga shi manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duk shi suke amfani da shi tun 2017, wayar Android da ke aljihunka ma a kansa aka gina ta. Kwanaki wani ɗalibi ya kawo min tsohuwar Latitude wai zai sayar ya cika kuɗi ya sayi wata, na ce masa ɗan dakata, na ɗora Linux Mint, wani nau'in Linux, a filash na kunna masa ba tare da na taɓa fayilolinsa ba, ya buɗe burauza ya buɗe LibreOffice, wato madadin Word na kyauta, ya ja furojet ɗinsa, fanka ko ƙara ba ta yi. Ya ce kawai a sa masa. Ba kirak, wato manhajar sata, ba wannan rubutun na Activate Windows da ke maƙale a kusurwar allo, ba kuɗin lasisi.

Amma fa 'yan Linux su daina raina mana hankali da cewa kowa ya koma yau yau. Je ka gaya wa mai bizines santa da ke buga katin biki da fastar 'yan siyasa ya bar Windows, zai tambaye ka CorelDraw fa? Photoshop fa? Babu su a Linux. Ga firinta da sikana da wasunsu diraibansu, wato manhajar da ke sa su aiki, na Windows ne kawai, ga kwastoma da zai zo da fayil ɗin Word mai tebur da tambari ka buɗe a LibreOffice layuka su ɗan goce, shi kuma ba ruwansa da falsafar 'yancin manhaja, takardarsa yake so ya kai ofis kafin a tashi. Birnin Munich na Jamus ma da kuɗinsa da ƙwararrunsa ya mayar da dubban kwamfutocin ma'aikata Linux, aka yi shekaru ana jan zare, a 2017 majalisar birnin ta yanke a koma Windows. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Maganar bairos kuwa an fi ɗora wa Windows, kuma akwai dalili. Wata bairos mai suna WannaCry a Mayun 2017 ta tsayar da asibitoci a Ingila, kuma abin takaici Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, mutane ne ba su yi afdet ba. Mu nan da data ke da tsada har kashe afdet ake da gangan, sannan a zo a loda manhajar kirak daga filash ɗin da ya zaga shago goma, in ta kamu a ce Windows ba ta da kirki. Linux ma ba waliyyi ba ne, a Maris 2024 an gano wata ƙofar baya ta kutse da aka ɓoye cikin wata 'yar manhaja mai suna xz da ake amfani da ita a Linux, kuma wanda ya gano ta injiniyan Microsoft ne, kamfanin da tsohon shugabansa Steve Ballmer ya taɓa kiran Linux ciwon daji a 2001. Yau kuma Linux ɗin na gudana cikin Windows da izinin kamfanin. Su manyan sun shirya tuntuni, mu ne ke ta zagin juna a Facebook.

Mac ba zan ja da nisa ba. Tun da Apple, mai ƙera Mac, ya fito da furosesarsa M1 a 2020 batirinsu ya zama abin sha'awa, mutum ya wuni yana aiki ba caji, a ƙasar da wuta sai an ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ram ɗin a manne yake, ba ka ƙara shi, in allo ya fashe kuɗin gyaran kaɗai ya sayi laftof ɗin gwanjo. Mai hali ya saya, ba hassada.

Roƙona ga makarantun da ke da ɗakin kwamfuta cike da tsofaffin na'urori, kafin ku kira mai gwangwan ya auna su a kilo, ku gwada Linux Mint ko Ubuntu a guda biyu ko uku ku gani, don koyon taifin da intanet da rubuta furogiram ba sa bukatar Windows 11. Kai kuma Malam Edita, da za ka ware mana ko rabin shafi ne a mako ana koya wa mutane yadda ake haɗa filash ɗin gwaji da yadda ake ajiye fayiloli kafin a yi wa kwamfuta fomatin, da mun rage rigima da kwastomomi masu zuwa suna kukan hotunan bikinsu sun tafi.

Naka,
wani mai gyaran kwamfuta, Kano.